Wanda Yake Riga Mu Ji

Har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni sai in zabura, ko da ba tawa ba ce. Wata biyu ke nan da faruwar abin. Mutane suna ba da labarin suna dariya, ni ma nakan taya su, amma tawa dariyar iyakarta baki.

Yayana ne ya ba ni wayar, shekarar da na gama sakandare. A lokacin yana da shagon buga takardu a Kano. Ya sayi sabuwa, ya miƙo mini tsohuwar da layinta da komai nata, ya ce kada in cika ta da waƙoƙi. A unguwarmu, can gefen Gwiwa, ita kaɗai ce babbar waya a hannun mace. Maza suna da nasu, amma da an kai amfanin gona gida sai su tafi ci-rani da abinsu, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja. In an kira su da ƙaramar waya ba sa ɗauka, suna bakin aiki. In su suka kira, matan suna rijiya. Saƙon murya ne ya raba gardama: ki faɗi abin da ke ranki, ya ji in ya samu sarari, ya maido amsa.

Sabis a gidanmu lungu ɗaya yake kamawa, tsakanin akurkin kaji da katanga. Mace za ta shigo ta gaida Inna, ta zauna kamar wucewa take yi, ta tambayi lafiyar awaki, sannan ta juyo ta ce, "'Yar boko, akwai caji?" Sai in nemo mata lambar maigidanta, in danna mata wurin ɗaukar murya, in miƙa mata ta shige lungu.

Saura kunnena. Gwaggo, yayar Baba, wadda take zaune da mu tun rasuwar mijinta, ita ta kafa doka: muddin akwai mace a lungu, ni ina bakin turmi ina daka. Na ce zan toshe kunne da yatsa, ta ce ita ma ta taɓa zama yarinya, ta san yadda ake toshewa a bar kafa. Haka na daka gero, na daka dawa, na daka kuka da busasshiyar kuɓewa, na daka barkonon da zai ishi unguwa shekara. Ranar da aka rasa abin dakawa na daka turmi wayam. Wani daga cikin mazan har ya aiko yana tambayar matarsa, wai bikin wa ake yi a garin da ba ya ƙarewa, tun tafiyarsa yake jin lugude.

Ina so a san wannan: ban taɓa sauraron saƙon kowa ba, ko sau ɗaya. Ban kuma goge ba, domin su suka hana. Wata takan dawo bayan kwana uku ta ce in sake sa mata na rannan, ta shiga lungu, ta fito tana gyara ɗankwali tana murmushi. Ni dai a lokacin ina ji da kaina. Tsofaffin da suka goya ni suna kirana mai amana, ana aiko mini da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa.

Amaryar gidan da ke bayanmu ce ta fara lura. Mijinta shayi yake sayarwa a Legas, ita kuma ta yi karatu a Roni har aji uku na sakandare, saboda haka ta san kan waya. Wata safiya na miƙa mata, ta duba allon, ta ƙi shiga lungu.

"Wa ya ji wannan?"

"Wa zai ji? Yanzu na kunna data."

"Sabon saƙo da ɗigo kore yake zuwa. In an saurara sai ya sauya launi. Wannan ya sauya."

Na karɓa na duba. Gaskiyarta. Na duba na matar direba, wadda mijinta ke jan babbar mota a Fatakwal, shi ma an saurara. Na ɗan Gwaggo da ke gadi a Abuja, an saurara. Tun yaushe ake haka ban sani ba, don ni ban taɓa kula da wani ɗigo ba.

Na rantse mata. Amarya ta ce ita ai ba ta ce komai ba, ta yafa mayafi ta fita. Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Matar direba ta zo har tsakar gidanmu ta riƙe ƙugu.

"Ashe dakan nan rufa ido ne. Muna fita ki ajiye taɓarya ki bi mu ɗaya bayan ɗaya."

"Wallahi, Iya, ban taɓa ji ba."

"To faɗa mini, me na ce masa ranar Talata?"

"Ban sani ba."

"Ku ji yadda ta yi saurin cewa ba ta sani ba. Ko tunani ba ta tsaya yi ba."

Ƙosai ya tsaya. A wani gidan suna na shiga ɗaki mata suka yi tsit, wata ta ce a hankali, "Ga rediyo ta iso." Inna ta ja ni ɗakinta ta ce in faɗa mata gaskiya, ita ta haife ni, ba za ta tona ni ba. Na ce ban ji komai ba. Ta rage murya ta ce, to in ma an yi tsautsayi na ji, me matar liman take cewa a kanta? Nan na fashe da kuka.

Gwaggo kaɗai ta tsaya mini, ita ma ba don ta yarda da halina ba. Ta ce yarinyar da ba ta iya ɓoye satar ƙuli-ƙuli ba, da ta ji abin da matar direba ke faɗa wa mijinta da tuni fuskarta ta tona ta. Ita a ganinta mutanen ɓoye ne, tunda akwai tsohuwar tsamiya a bayan katangar. Ta turara wayar da habbatussauda har allon ya yi gumi, ta naɗe ta a tsumma ta rufe a cikin kwalla. Washegari saƙo uku suka shigo, duk ukun an saurara.

"To ba su ba ne," in ji Gwaggo. "Su suna jin magana. Shirya, Kazaure za mu."

Ta ce sai da shaidu, don kada mu dawo a ce mun haɗa baki. Muka shiga motar haya mu huɗu: ni, da ita, da amarya, da matar direba. Matar direba ce ta riƙe wayar da hannu biyu a kan cinyarta, wai kada in goge wani abu a hanya. Haka ta riƙe ta har muka hango duwatsun Kazaure.

Mai gyaran wayar da aka kwatanta mana yana da rumfa kusa da tasha. Iyayensa mutanen Filato ne, amma shi a Kazaure aka haife shi, Hausarsa har ta fi tawa. Ya ga mata huɗu da waya ɗaya, ya miƙe ya ba Gwaggo bencinsa.

"Mama, faɗuwa ta yi ko ruwa ta sha?"

"Lafiyarta ƙalau. Gulma take yi."

Ya saurari bayani daga baki uku a lokaci guda, sannan ya ce in buɗe masa. Gwaggo ta ce ya juya ya kalli bango tukuna, in ya juyo kuma kada yatsansa ya taɓa sunan mijin kowa. Ya juya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Na zana abin buɗewa. Ya karɓa, ya riƙe ta nesa da jikinsa yadda kowa za ta gani, ya shiga wani wuri a cikin manhajar hirar da ban taɓa shiga ba. Sai dariyar ta bar fuskarsa.

"Ƙanwata, kina da kwamfuta?"

"A'a."

"A hannun wa wayar take kafin ke?"

"Yayana."

Ya nuna mana wani layi guda na rubutu. Ya ce ana iya ɗaura hirar waya a kan kwamfuta, sau ɗaya ake yi, daga nan duk abin da ya shigo nan ya shiga can, duk abin da aka aika daga nan ana ganinsa a can. Kamar ɗaki ne mai ƙofa biyu, mu muna ta gadin ta gaba. A ƙarƙashin layin an rubuta lokacin ƙarshe da aka leƙo ta waccan ƙofar. Yau ne, da hantsi, lokacin muna cikin mota.

Matar direba ta dubi tafin hannunta, ta dube ni.

"Lokacin ai a hannuna take," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Kwana goma ina jiran wani ya faɗi irin wannan magana. Da ta zo, ko kaɗan ban ji daɗinta ba.

Na kira yayana, na buɗe muryar kowa ya ji. Ya yi dariya.

"Au, ta shago ce. Na manta ban cire ba."

"Yaya, kai ne kake saurare?"

"Ni? Ina na ga lokaci? Shagon ma na rufe shi tun bara, kwamfutar na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

Dariyar ta tsaya. Muna jin ƙarar motoci ta wajensa.

"Wani mutum ne a kasuwa. Dogo haka. Yana sa hula."

Gwaggo ta matso da bakinta kusa da wayar. "Dogo mai hula a birnin Kano. Madalla, ɗan albarka, ka gama mana bincike. Sai mu je mu kamo shi."

Na zauna a kan wani mataccen janareta. Kowa ta shiga tuna abin da ta faɗa. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa, "Waƙar, wayyo waƙar." Ashe waƙa take rera wa mai shayi. Matar direba ta ce ita dai ba ta taɓa faɗin abin kunya ba. Ta kafa wa rufin kwano ido, leɓɓanta suna motsi. Can ta tambaya ko akwai ruwan sha.

Ni abin da nake tunawa daban ne. Hoton katina na ɗan ƙasa da na tura wa yayana. Hotona ba ɗankwali da na tura wa ƙawata ranar da aka yi mini kitso. Kwatancen gidanmu da na yi wa mai kawo mana taki, dalla-dalla: in ka wuce masallaci, gida na uku, mai darbejiya a ƙofa. Abin da ya fi duka, ba sai na saurara ba na san abin da kowace mace ke rufe saƙonta da shi, don a bakin rijiya ma shi suke faɗa: unguwa ba maza, sai tsofaffi da yara, yaushe za ku dawo? Wata da watanni muna sanar da wani mutum da ba mu san fuskarsa ba cewa mu kaɗai ne a gida.

Mai gyara ya ce abin mai sauƙi ne, dannawa ɗaya ƙofar ta rufe. Ya nuna mini wurin, ya ɗaga yatsa. Gwaggo ta tare shi da carbinta.

"Tsaya. Mutum ya zauna mana a ɗaki wata nawa, sai a kore shi ba a ce masa komai ba? Yanzu yana ji?"

"In yana kusa da kwamfutar, Mama."

"To ba ni."

Ya ce ta yi magana a tasa wayar ya turo wa tawa, don saƙon ya shigo sabo mu ga ko za a buɗe. Gwaggo ta gyara zama, ta yi gyaran murya. Ita ba ta iya yi wa mutum magana ba gaisuwa ba, ko ɓarawo ne.

"Salamu alaikum, bawan Allah. Ina wuni. Ya gida, ya iyali, in akwai. Ya kasuwa. To madalla. Ni ce tsohuwar da kake ji tana yi wa ɗanta faɗa a kan ya daina cin taliyar leda. Kai kana jin mu, mu ba ma jin ka, wannan ba tarbiyya ba ce. In mahaifiyarka tana raye ka je ka faɗa mata abin da kake yi, in ta ce daidai ne, to ka gaishe ta. Sannan ina sanar da kai mazanmu sun dawo jiya. Dukansu. Da karnuka." Ta waiwayi matar direba. "Me kuma?"

"Ki ce akwai maharba."

"Akwai maharba. Kuma waƙar da ka ji amarya tana rerawa, ba da kai take ba. Na bar ka da Allah."

"Gwaggo, da ba ki ambaci waƙar ba," in ji amarya daga cikin mayafi.

Saƙon ya shigo wayata da ɗigonsa kore. Mai gyara ya kwantar da ita a kan tebur, tsakanin sukundireba da gawarwakin wayoyin mutane, ya ce kada kowa ya taɓa. Muka kewaye ta. A-daidaita-sahu suna wucewa, kamasho yana ta kiran Babura, Babura, mutum ɗaya. Gwaggo ta tsayar da mai gyaɗa, ta zauna tana ɓarewa. Ni ina addu'a a zuci Allah Ya sa ƙarya ce, Allah Ya sa aljanun ne.

Ban san minti nawa muka yi ba. Idona yana kai, ba hannun kowa a kusa, ɗigon ya sauya launi.

Muka tsaya tsawon saƙon Gwaggo, tun daga ina wuni har zuwa karnuka, kamar tare da shi muke saurare. Sai mai gyara ya juyo mana da tasa wayar. A saman allo, ƙarƙashin lambata, an nuna ana rubutu. Wai ni ce nake rubutu. Ga hannuwana biyu a ƙirjina, ga wayata kwance a tebur, ga ni kuma ina rubuto masa amsa.

Ban san lokacin da na kai hannu ba. Na fizgi wayar, na danna inda ya nuna mini, na sake dannawa, har bayan layin ya ɓace ina dannawa. Mai gyara ne ya zare ta daga hannuna a hankali.

"Ya fita, ƙanwata. Ya fita, ba zai iya dawowa ba."

"Wannan yarinya da gaggawa take," in ji Gwaggo. "Mutum zai ba da amsa kin katse shi. Wataƙila haƙuri zai ba mu."

"Ko ya ce amarya ta ƙaro baiti," in ji matar direba. Ta yi dariya ita kaɗai, dariyar ta mutu a hanya.

Mai gyara ya ƙara wa manhajar wata lambar sirri, ya sa na haddace ta, ya ce in riƙa leƙa wurin nan duk Juma'a kamar yankan farce. Gwaggo ta juye masa sauran gyaɗar a tebur, ta sa masa albarka, ta ce ya gaida mahaifiyarsa, ita kam ta iya tarbiyya.

Bayan la'asar mata suka cika tsakar gidanmu. Matar direba ta wanke ni da irin muryar da ta tuhume ni da ita, har mutanen gida na uku suka ji. Ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Na ɗauka za a yi murna, Inna har ta fito da tabarma ta biyu. Sai matar liman ta tambaya.

"To wane ne?"

"Ba a sani ba."

"Ɗan wane gari ne?"

"Ba a sani ba."

"Yana da mata? Yana ba ta labarinmu?"

Kaji suna ta tono a lungu. Matar liman ta daɗe tana kallona, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"'Yar nan, da ma ke ce. Ke ko kin ji, mun san gidanku, mun san uwarki."

Sauran suka gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta ce ita har ta riga ta yafe mini tun shekaranjiya, ga shi yanzu yafiyar ta tashi a banza.

Sunana ya wanku, amma sai da aka yi mako biyu kafin wata ta sake tambayar caji. Waɗanda suka dawo kuma sun sauya magana. Duk yadda na yi musu bayani an rufe ƙofar, ba su yarda ba, kowa sai ta ɗaga murya a ƙarshen saƙonta ta ce unguwa lafiya lau, maza sun cika gari, ko wurin taka ƙafa babu. Wannan kam ina ji, don da gangan suke ɗagawa har ta fi ƙarar taɓarya. Mai shayi ya kira daga Legas a fusace yana tambayar waɗanne maza ne suka cika garin alhali su duk suna kudu. Direba ya ce ya kamo hanya.

Ni kuwa ba Juma'a kaɗai nake leƙa wurin ba, bayan kowace salla nake leƙawa. Ba kowa. Na roƙi Baba ya sare darbejiyar ƙofar gida, ya ce in nemi tsari, kakansa ne ya shuka ta. Ranar kasuwar Gwiwa in aka aike ni, duk dogon mutumin da ya dube ni sau biyu sai in ji kamar ya san muryata, ya san kitson da ke kaina, in sauya layi in bi ta wajen masu tukwane.

Gwaggo har yau tana cewa na yi rashin ladabi da na katse shi. Jiya ma da take tsefe mini kai ta sake tayar da maganar, wai me nake jin zai rubuta. Na ce ban sani ba. Ta ce ita tana jin cewa zai yi mahaifiyarsa tana amsawa. Ta yi dariya, ni ma na buɗe baki zan yi, sai na ji haƙorana suna haɗuwa. Ta daina tsifar, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kaina, ta bar shi a nan har suka tsaya.